YADDA AKE SA ZANE YA YI MOTSI: Hanyoyin da ake bi a haɗa fim ɗin katun

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, da waɗanda dama sun fi son karatu.

Wani ƙanena ne ya jawo mana maudu'in yau. Muna zaune yana kallon Tom and Jerry a waya, sai ya juyo ya ce, "Yaya, wai wa yake riƙe da kyamarar da ake ɗaukarsu?" Na yi dariya na ce masa ai zane ne. Ya ce, "To in zane ne, ya aka yi yake gudu?" Sai na ba shi amsar da kowa ke bayarwa, na ce kwamfuta ce ke yi. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da kallonsa, ni kuma abin ya tsaya mini a rai. Domin Tom and Jerry ya fara fitowa ne a 1940, lokacin da babu kwamfutar zane a ko'ina a duniya. Ashe ƙarya na shirga wa yaro. To yau na zo in gyara.

SIRRIN GUDA ƊAYA NE

Bari in fara da abin da zai ba wasu mamaki: babu hoton da ke motsi. Ko bidiyon da ka ɗauka da wayarka jiya a wajen biki, hotuna ne tsayayyu da aka jera, ake nuna maka su da sauri ɗaya bayan ɗaya, ƙwaƙwalwarka ta haɗe su ta ce maka motsi ta gani. Kowane hoto guda shi ake kira firem. A sinima, firem 24 ke wucewa ta gaban idonka a cikin sakan ɗaya.

Da yawanmu mun taɓa yin katun ba mu sani ba. Kun tuna a firamare, ka zana ƙwallo a kusurwar littafin rubutu, a shafi na gaba ka ɗan matsar da ita, haka har ƙarshe, sannan ka kama littafin da babban yatsa ka sake shi firrr, sai ka ga ƙwallo tana tsalle? To wallahi shi ke nan. Duk abin da manyan kamfanoni ke kashe wa biliyoyi, daga wannan kusurwar littafin ya taso.

Bambancin fim ɗin mutane da katun shi ne: a fim ɗin mutane, ɗan wasa zai yi motsinsa, kyamara ce za ta yanka maka shi zuwa hotuna 24 a sakan, ba ruwanka. A katun kuwa babu motsin tun farko. Kai za ka samar da kowane hoto.

Mu yi lissafi. 24 sau 60, hoto 1,440 ke nan a minti ɗaya. Fim mai awa ɗaya da rabi, hoto 129,600. Kun ga aiki. Saboda haka duk hanyoyin da zan lissafo muku yau, amsar tambaya ɗaya suke nema: ta yaya zan samu waɗannan dubban hotuna ba tare da rayuwata ta ƙare a kansu ba? Ku riƙe wannan tambayar, da ita za mu yi tafiyar.

HANYA TA FARKO: ZANE DA HANNU

Wannan ita ce uwa. A 1908 wani Bafaranshe, Émile Cohl, ya yi zane kusan 700 ya ɗauke su ɗaya-ɗaya, ya fitar da Fantasmagorie, fim ɗin da bai kai minti biyu ba. A 1914 wani Ba'amurke, Winsor McCay, ya fitar da Gertie the Dinosaur da zane kusan dubu goma. Ga inda wahalar take: a kowace takarda sai an sake zana duwatsu da bishiya da tafkin da ke bayan dabbar, duk da cewa su ba motsi suke yi ba. Mataimakinsa ne ya yi ta kwafar su, takarda bayan takarda.

A wannan shekarar dai wani mai suna Earl Hurd ya yi rajistar dabarar da ta ceci masu zane. Wata leda ce mai kauri, garai-garai kamar gilashi, ana kiranta sel. Sai ka zana wurin da abin ke faruwa, ɗaki ne ko daji, sau ɗaya tak a takarda. Shi kuma mai motsin ka zana shi a kan ledar, ka ɗora a sama. Tunda ana hango na ƙasa, ledar kawai za ka riƙa canzawa. Kyamara tana rataye a sama tana kallon ƙasa: a ɗora leda, a ɗauka, a cire, a ɗora ta gaba.

Sannan aka raba aikin kamar shagon tela, inda oga ke yanka, yara su haɗa. Babban mai zane ba ya zana kowane hoto. Manyan gaɓoɓin motsin kawai yake yi: ga Tom ya ɗaga guduma, ga gudumar ta sauka. Masu cike tsakani su ne za su zana duk hotunan da ke tsakanin biyun, a kan tebur mai fitila a ƙasa, don su riƙa hango zanen baya ta cikin takarda. Daga nan wasu su kwafe a kan leda da tawada, wasu su shafa fenti ta bayanta. Da wannan tsari Disney ya fitar da Snow White and the Seven Dwarfs a 1937, da shi kuma William Hanna da Joseph Barbera suka yi Tom and Jerry a kamfanin MGM.

Akwai wata dabarar ragin aiki da suka gano. Ido ba ya damuwa in an nuna masa zane ɗaya sau biyu a jere. Wato maimakon zane 24 a sakan, 12 ya isa, kowanne a ɗauke shi sau biyu. Aiki ya ragu da rabi. Sai in motsin mai sauri ne sosai ake komawa 24.

To amma jera hotuna kaɗai ba ya sa abu ya yi rai. Ku lura da Jerry in zai gudu: sai ya ɗan ja baya tukuna, ya tattaro jiki, sannan ya fyalla. Wannan ja da bayan shi ke shaida wa idonka cewa wani abu na zuwa. Ku lura da Tom in ya faɗo daga sama: yana hanya jikinsa ya miƙe, in ya bugi ƙasa ya baje kamar waina, sannan ya dawo daidai. Miƙewa da bajewar nan su ke sa ka ji nauyinsa. Wasu tsofaffin masu zanen Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun tattara irin waɗannan ƙa'idoji guda 12 a wani littafi da suka fitar a 1981, har gobe da su ake koyar da ɗalibai, ko da a kwamfuta za su yi aiki.

Da talabijin ta zo, sai kuɗi ya yi kaɗan, lokaci ya ƙure, ana son sabon shiri duk mako. Hanna da Barbera suka ƙara tsuke aikin. Jiki ya tsaya cak a leda ɗaya, kai a wata ledar, baki a wata, bakin kawai ke motsi. Shi ya sa za ka ga Yogi Bear ba riga amma yana da kwala da laktaye: kwalar ce ke ɓoye mahaɗar kai da jiki. Shi ya sa kuma in ana gudu a cikin gida a The Flintstones, za ka ga taga ɗaya da kujera ɗaya suna ta wucewa, kamar ɗakin ba shi da iyaka. Hoton baya ɗaya ne ake ta maimaitawa.

A Japan, Osamu Tezuka ya bi irin wannan hanya da Astro Boy a 1963, har ta kai ana zane takwas kacal a sakan. Masoya anime, daga nan salonku ya samo asali: jarumi ya tsaya ƙyam, gashinsa kawai iska ke kaɗawa, kyamara na matsowa a hankali, ana ta magana a zuci. Talauci ne ya haifi dabarar, ta zama ado. Amma kada ku ce 'yan Japan ragwaye ne. A fim ɗin Hayao Miyazaki mai suna The Wind Rises akwai wata fitowa ta cunkoson jama'a bayan girgizar ƙasa, sakan huɗu ce kawai, mai zane ɗaya ya yi sama da shekara yana aikinta.

Yau ledar ta tafi. Tun wajejen 1990 Disney ya koma shafa launi a kwamfuta. The Lion King na 1994 da hannu aka zana shi a takarda, aka shigar da zanen kwamfuta aka yi masa launi. Yanzu kuma a kan allon zane na lantarki ake yi kai tsaye. Kayan aiki sun canza, amma har yanzu hannun mutum ke jan layin. Wannan shi ake kira 2D.

HANYA TA BIYU: BIN SAWUN ƊAN WASA

Zana tafiyar mutum yadda za ta yi kama da gaske abu ne mai wuya. A 1915 Max Fleischer ya ce, to me zai hana mu ɗauki mutum na gaske, mu kwafe shi? Ya sa ƙanensa Dave ya saka kayan ɗan kama, ya ɗauke shi a fim, sannan ya riƙa haska hoton firem ɗaya-ɗaya ta bayan gilashi yana bin jikinsa da alƙalami. Na'urar ita ake kira rotoskof. Motsin da ya fito ya yi santsi har mutane suka yi mamaki.

Matsalarta, in ka kwafa sak ba ka ƙara gishiri ba, sai zanen ya yi sanyi, ya rasa irin zillon nan na katun. Shi ya sa ƙwararru suka fi amfani da ita a matsayin madubi. Ko a Snow White an ɗauki wata yarinya mai rawa tana yin motsin, masu zane suna dubawa. Wanda ya kai dabarar ƙarshe a zamaninmu shi ne Loving Vincent na 2017, kan rayuwar mai zane Van Gogh. An fara ɗaukar 'yan wasa, sannan masu zane kusan 125 suka bi firem wajen 65,000 da fentin mai, da buroshi, ɗaya bayan ɗaya.

HANYA TA UKU: MATSAR, ƊAUKA, MATSAR, ƊAUKA

Idan ba ka iya zane ba, buɗe kunnenka, wannan taka ce. Ana kiranta sitof-moshin. Abu na gaske za ka ajiye a gaban kyamara, 'yar tsana ko laka ko murfin kwalba. Ka ɗauki hoto, ka ɗan matsar da shi kaɗan, ka cire hannunka, ka sake ɗauka. In an jera hotunan, sai a ga abin yana tafiya da kansa.

Labarin ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ta yana ba ni dariya. Ladislas Starevich, wajejen 1910, yana aiki a wani gidan tarihi a birnin Kaunas, ya so ya ɗauki wasu ƙwari masu ƙaho suna faɗa. Duk lokacin da ya kunna fitilun ɗaukar hoto, ƙwarin sai su ƙi. Sai ya ɗauki matattunsu, ya maye ƙafafunsu da siririn ƙarfe, ya liƙa da kaki, ya riƙa motsa su da hannu yana ɗauka. Da finafinansa suka fita, wasu masu kallo sun ɗauka horar da ƙwarin ya yi.

Da wannan hanya aka yi gwaggon birin King Kong a 1933, ɗan tsana ne da bai wuce tsawon hannunka ba. A 1963 Ray Harryhausen ya haɗa faɗan ƙwarangwal bakwai da mutane a Jason and the Argonauts. Kowane ƙwarangwal yana da kai, hannu biyu, ƙafa biyu, wato abu 35 zai taɓa kafin ya ɗauki firem ɗaya, kuma dole ya tuna inda kowanne ya nufa. Faɗan 'yan mintuna ne, ya ci masa wata huɗu da rabi.

Wanda kuka fi sani a wannan layi shi ne Shaun the Sheep, tunkiyar nan da ba ta magana, ta kamfanin Aardman da ke Bristol a Ingila, su ne kuma suka yi Chicken Run a 2000. A cikin kowane ɗan tsana akwai ƙashin ƙarfe mai gaɓoɓi, don in an lanƙwasa shi ya tsaya a haka. A sama kuma wata laka ce da ba ta bushewa. Baki ma cire shi ake yi a sa wani, kowane sauti da bakinsa. In kun zuba ido da kyau a wasu finafinansu za ku ga zanen yatsun masu aikin a jikin lakar. Mai motsa tsana ɗaya yakan wuni cur ya samu sakan biyu ko uku. Kuma in gwiwarka ta bugi tebur a tsakiyar aiki, ko fitila ta motsa, sai dai haƙuri, wataƙila daga farko za ka koma.

HANYA TA HUƊU: ALMAKASHI DA KWALI

Wannan 'yar uwar ta uku ce, sai dai a kwance ake yin ta. Ka yanka mutum a kwali, hannu daban, ƙafa daban, kai daban, ka haɗa gaɓoɓin da zare ko siririn ƙarfe, ka shimfiɗa a tebur, kyamara na sama. Zane ɗaya ka yi, amma zai yi maka fim ɗin gaba ɗaya.

Dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya rage a duniya da wannan hanya aka yi shi, shekara 11 kafin Snow White, kuma mace ce ta yi. Sunanta Lotte Reiniger, Bajamushiya. Fim ɗin shi ne The Adventures of Prince Achmed na 1926, kuma labarin daga Dare Dubu Da Ɗaya ta ɗauko shi, wanda mu ma mun san shi da Hausa. Ta yanka mutanenta a baƙin kwali da fallen darma, ta shimfiɗa a kan gilashi, fitila na haskowa daga ƙasa, sai inuwarsu kawai ake gani. Shekara uku ta yi ita da 'yan abokan aikinta.

Yawancin katun ɗin barkwanci da kuke gani a YouTube da TikTok, waɗanda jiki ke tsaye hannu da baki na motsi, jikokin wannan hanyar ne. Kwalin ne ya koma cikin manhaja, aka sa masa gaɓoɓi, kwamfuta na cike tsakani.

A nan zan tsaya in gabatar muku da wani mutum da ya kamata a ce mun san shi. Moustapha Alassane, ɗan Nijar, an haife shi a 1942. Makanike ne tun farko. Ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, daga baya ya je Kanada ya ƙaro sani a wajen Norman McLaren, wani gwani da har a jikin zaren fim yake zane kai tsaye ba tare da kyamara ba. A 1966 Alassane ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun na zanen hannu, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da duk wani bikin tarba da faretin da kuka sani. Habaici ne ga shugabannin lokacin. Daga baya ya koma 'yan tsana, ya yi Samba le Grand a 1977, ya kuma yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawar gargajiya, da 'yan kallo da komai. Ya zauna a Tawa yana aikinsa da kayan da ya haɗa da hannunsa, ya rasu a 2015. Duk wanda ya ce maka katun aikin Turawa ne da 'yan Japan, ka ba shi wannan sunan.

HANYA TA BIYAR: 3D

To mun iso inda ƙanena yake zato mun fara. A 1995 kamfanin Pixar ya fitar da Toy Story, dogon fim na farko da aka yi gaba ɗayansa a kwamfuta. Mutane da yawa suna zaton a nan maɓalli ake dannawa fim ya fito. Ina! In ka duba da kyau, 3D ya fi kama da wasan 'yar tsana fiye da zane, sai dai tsanar a cikin kwamfuta take.

Ga yadda abin yake. Da farko a ƙera jikin, kamar mai ginin tukunya, amma da ɗigo da layuka, har ya zama ana iya juya shi a kalle shi ta kowane ɓangare. Sannan a sa masa ƙashi da gaɓoɓi da wuraren kamawa, nan na ɗaga gira, nan na murɗa leɓe. Woody, kaboyin nan na Toy Story, yana da irin waɗannan wuraren kamawa sama da 700. Sannan a yi masa fata: wannan wuri yadi ne, wannan roba, wannan ƙarfe mai sheƙi.

Daga nan mai motsawa ya karɓa. Kun tuna oga da yaransa masu cike tsakani? A nan mutum ne oga, kwamfuta ce yaron shago. Zai ce a firem na 1 hannu yana ƙasa, a firem na 12 yana sama, ita ta cike. Amma cikewarta ba rai, kamar ƙofar da iska ke turawa. Dole ya koma ya gyara: nan a yi jinkiri, nan a yi sauri, nan a ɗan ja baya tukuna. Ƙa'idojin nan 12 na masu fensir, su dai ne.

Sai a kafa fitilu da kyamara, duk na cikin kwamfuta. Mataki na ƙarshe shi ake kira renda, wato kwamfuta ta zauna ta lissafa launin kowane ɗigo na kowane firem: ina haske ya faɗo, ina inuwa ta kwanta. Toy Story yana da firem sama da 114,000, kwamfutoci 117 aka haɗa suna wannan lissafin dare da rana. A Monsters, Inc. na 2001, dodon nan shuɗi, Sulley, yana da gashi sama da miliyan biyu, firem ɗaya nasa kan ci wajen awa 11. Ribar 3D ita ce, in ka gama ƙera ɗan tsanarka, naka ne har abada, ba sai ka sake zana shi ba. Da wannan hanya aka yi Bilal a Dubai a 2015, da Iwájú na 2024, labarin Legas ta nan gaba, wanda kamfanin Kugali ya yi tare da Disney.

HANYA TA SHIDA: KAMA MOTSI

Wannan rotoskof ne ya sa sabuwar riga. Ɗan wasa zai saka matsattsun kaya masu ɗigo-ɗigo a gaɓoɓi, kyamarori da yawa su kewaye shi suna bin ɗigon, sai a ɗora motsin a kan ɗan tsanan kwamfuta. Haka Andy Serkis ya zama Gollum a The Lord of the Rings, haka aka yi shuɗɗan mutanen Avatar a 2009, haka kuma ake yi wa 'yan ƙwallon da kuke bugawa a gem. Ita ma tana da ciwon uwarta: in abin ya kusa zama mutum amma ido bai yi rai ba, sai ya riƙa ba mai kallo tsoro. Da yawa sun yi wannan ƙorafin a kan The Polar Express na 2004. Shi ya sa bayan an kama motsin, masu motsawa ke bi suna gyarawa da hannu.

Yanzu kam an daina tsayawa a layi ɗaya, gauraya ake yi. Turmutsutsun namun dajin da ya kashe Mufasa a The Lion King, kwamfuta ce ta yi shi a tsakiyar fim ɗin zanen hannu. A Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018, 3D ne aka bi shi da layukan hannu. Har ma suka yi wasa da lissafin da muka yi ɗazu: lokacin da Miles yake ɗan koyo, akwai inda aka motsa shi hoto 12 a sakan, Peter na gefensa yana kan 24, sai ka ji a jikinka cewa yaron bai ƙware ba tukuna, ko da ba ka san dalili ba.

Na san wani zai ce, to ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, ka rubuta mata jimla ta ba ka bidiyo. Gaskiya ne, kuma wannan shiri ne guda da za mu yi nan gaba. Abin da zan ce yanzu shi ne, ita ma sabuwar amsa ce ga tsohuwar tambayar nan ta yadda za a samu hotunan. Amma sanin sakan nawa Jerry zai tsaya yana kallon Tom kafin gudumar ta sauka, don dariya ta kama ka, wannan sai wanda ya koyi aikin.

TO DA WACCE ZAN FARA?

Da abin da ke hannunka. In kina da hannun zane, akwai FlipaClip a waya, akwai Krita da OpenToonz a kwamfuta, kyauta ne. In ba ka iya zane ba, sauke Stop Motion Studio, ka nemo kwali ko laka. In kana da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, Blender kyauta ce, kuma kada ka raina ta: fim ɗin Flow, labarin wata mage a cikin ambaliya, wanda Gints Zilbalodis ɗan ƙasar Latbiya ya yi da 'yan mutane kaɗan, da Blender aka yi shi, kuma shi ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025, a gaban Pixar da DreamWorks. Ko kalma ɗaya ba a furta a cikinsa ba.

Kuma labari ba mu rasa shi ba. Gizo da Ƙoƙi suna nan suna jira, Botorami na nan, kura da ɗan akuya na nan. Ƙannenmu sun haddace sunayen jaruman Japan, amma da yawansu ba su taɓa ganin Gizo da idonsu ba. In ba mu zana shi ba, wani zai zana mana shi yadda ya ga dama, ko kuma a manta da shi.

Ga aikin gida. Ka samo murfin kwalba. Ka jingina wayarka da wani abu mai nauyi yadda ba za ta motsa ba ko kaɗan, wannan shi ne sharaɗi na farko. Ka rufe taga ka kunna fitila ɗaya, domin hasken rana yana canzawa, hotonka zai riƙa ƙyaftawa. Ka saita manhajar a hoto 12 a sakan. Ka matsar da murfin kaɗan, ka cire hannu, ka ɗauka, har sau 60. Sakan biyar ke nan. In kana so ya yi sauri, ka buɗa tazarar matsarwar, in kana so ya yi a hankali, ka tsuke ta. Kafin ya tashi, ka ɗan ja shi baya hoto uku, ka ga yadda zai zama kamar yana da niyya.

Na farkon zai yi muni, kada ka damu, nawa ma ƙanena dariya ya yi masa, ya ce murfin kamar mai ciwon ƙafa. Amma ya zauna ya kalla sau biyar, sannan ya ce in ba shi wayar shi ma ya gwada. Yanzu haka duk murafan kwalaben gidanmu suna ƙarƙashin gadonsa.

Nan za mu dakata. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake sa wa katun murya, da dalilin da ya sa a Amurka ake fara ɗaukar murya kafin zane, a Japan kuma galibi sai an yi zanen. Wanda ya yi aikin gidan, ya turo mana sakan biyar ɗinsa mu gani.